Kafintan da Ya Auna Gwiwar Mama

Kullum kafin rana ta ɗaga za ka ji kukan ƙofar shagonsa, wata tsohuwar ƙofar kwano da sai an tokare ta da gwiwa take yarda ta buɗe. Yakan share garin katakon jiya, ya jera zarto da guduma a kan benci, ya soka fensir a bayan kunne, sannan ya zauna yana murza yatsunsa har su saki. A layinmu ba mai kiransa da sunansa. Baba Sai-Na-Gani ake ce masa, domin duk wanda ya zo neman kujeru ko tebur na tsakar gida, amsar ɗaya ce: "To, sai na ga wurin."

Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, bayan shekara arba'in da wani abu. Hannunsa ya fara rawa, layin fensir ba ya tafiya inda ya aike shi. Na san ba wanda zai tara mutane dominsa. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, duk da ni ma a gajiye nake, ko da yake ba irin gajiyar can ta baya ba, wadda barci ba ya saukewa.

Aikinsa yana da ban haushi, gara in faɗi gaskiya. Sai ya zo gidanka ya nemi wuri ya zauna. Yana kallon inda rana ke faɗowa da la'asar, yana duba jikin bango ya ga ɓangaren da feshin ruwa ya fi duka, yana tona gindin katanga da ɗan yatsa ko akwai hanyar gara. Kai kana sauri, shi kuwa ko a jikinsa. Maƙwabciyarmu, ma'aikaciyar jinya, ta ce ta taɓa nacewa sai kujerun ƙarfe a tsakar gidanta. Bai yi musu da ita ba, ya dai ce ta ɗora tafin hannunta a kan ƙofar ƙarfen gidan da tsakar rana ta ƙirga goma. A uku ta tsaya. Mai waldan da ke jikin shagonsa kuma ya ce sau da yawa Baba kan rako masa mutum har bakin ƙofa yana cewa, "Gidan wannan gara ta yi masa yawa, katakona ba zai kai damina biyu ba, yi masa na ƙarfe." Wane mai sana'a ne ke kai cinikinsa shagon wani da ƙafarsa?

Nawa labarin na Mama ne. Shekara biyu ke nan da ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Ƙashin ya haɗe, likita ya sallame ta, tana takawa da sanda. Amma wata rana da baƙi suka zo, ta zauna a kujerar falo mai laushin nan, ta nutse, ta kasa tashi. Sai da ni da wata baƙuwa muka kama ta ta hammata muka ciro ta. Da suka tafi ta ce, "Ba zan ƙara zama inda za a ɗago ni kamar buhu ba." Ta shige ɗakinta, wata takwas ba ta leƙo tsakar gida ba.

Ni kaɗai ce a gidan tare da ita. In dawo daga aiki in kai abinci, in kwashe kwanuka, in buɗe taga ta ce in rufe. Matar da a da ba ta iya zama wuri ɗaya, ga ta tana bushewa a bakin gado ina kallo. Na yi lallashi, na yi faɗa, na koma na yi shiru. Tsorona shi ne a ɗakin nan za ta ƙare kwanakinta, ba don ciwo ba, don kunya.

Yayana da ke aiki nesa ya sa aka kafa rumfa a tsakar gida ko za ta riƙa fitowa shan iska. Ya bi ni da hotuna a waya: kujeru gajeru masu tulin soso, irin waɗanda in ka zauna sai gwiwarka ta kusa taɓa haɓarka. Ni ma sun burge ni. Na kai wa Baba wayar na ce irin waɗannan muke so.

"To, sai na ga wurin."

"Baba, wuri ne kawai. Rumfa ce da siminti."

"Ai shi ne zan gani, 'yata."

Ya zo, ya zauna a kan wani ɗan benci har kusan awa biyu, ni kuwa ina ta sintiri ina cika ina batsewa. Can ya ce, "Wa zai zauna?" Na ce kowa da kowa. Ya girgiza kai. "Ba a kafa rumfa don kowa da kowa. Don wa aka yi ta?" Ban san lokacin da na zauna a ƙasa na ba shi labarin duka ba.

Ya nemi izini ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta. "Yaya, sannu da hutawa."

Mama ta ce daga ciki, "Wa ya ce maka na girme ka?"

"Gwiwoyina ne suka ce a gaishe da naki."

Rabon da in ji ta yi dariya na manta, ko da yake ta yi maza ta mai da ita tari. Da ya leƙa, ba ita ya kalla ba, gadon ya kalla. Ya tambaye ni wa ke tashin ta daga nan, na ce ita ke tashi da kanta. Sai ya nuna mini gefen durowar da ke jikin gadon, inda fenti ya goge daidai faɗin tafin hannu. Wata da watanni ina share ɗakin nan ban lura ba. Nan take dafawa ta miƙe. Ya miƙo mini tef ɗin awo ya ce, "Ke auna, ni in rubuta." Na auna tsayin gadon, na auna tsayin durowar, na durƙusa na auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwar Mama, tana ta mita wai mun mai da ita yadin tela.

Kai ne, Baba, ka ce a manta da hotunan. Ka ce katako mai nauyi za a sa, wanda ba zai goce ba in ta dafa da dukkan ƙarfinta. Ka ce ba roba, don rana na cin ta ta karye ba sallama. Soso siriri mai tauri, hannuwan kujerar su zarce mazauni da taƙi guda. Ka jiƙa ƙafafun da baƙin mai saboda gara, ka sa musu takalmi da yankan taya don kada su sha ruwan siminti. Sati biyar ka yi a kan kujera ɗaya. Mai walda ne ya tsegunta mini cewa sau biyu hannunka na ɓata aikin, kana sake yanka sabon katako, ba ka faɗa wa kowa ba.

Da na tura wa yayana hoton, ya bugo yana tambaya ko kotu za mu buɗe a tsakar gida. Gaskiya ba ta da kyan gani. Aka ajiye ta a kusurwar da Baba ya zaɓa, inda rana ba ta kaiwa bayan azahar. Kwana tara tana nan, Mama ko kallon taga ba ta yi ba. Na ce a raina an dai ƙara mini abin gogewa.

A rana ta goma sai ga shi da guntuwar takardar goge katako a aljihu. Ya zauna a ɗan bencin nan yana shafa hannun kujerar, wanda ni ban ga abin da ya rage a jikinsa ba. Ya ɗaga murya ya ce, "Yaya, aikin nan bai ƙare ba. Sai kin zauna na ga inda ya saura, in ba haka ba kullum ina nan."

Ta fito don ta rabu da shi. Tana dogara sanda, tana kare ido da hannu, tana cewa ita ba ta taɓa ganin mutum mai naci irin wannan ba. Ta zauna. Suka yi hirar gwiwa da ciwon baya har inuwa ta kai katanga. Da zai tafi, sai da ya yi yunƙuri biyu kafin ya rabu da bencin. Mama ta ce, "Tsaya in taka maka." Ni kuwa na riga na matso, na miƙa hannuwana kamar yadda na saba. Ta ɗora tafukanta a kan hannuwan kujerar, ta miƙe tsaye. Hannuwana suka tsaya a iska ba aikin yi.

Ta dube ni ta ce, "Ke kuma me kike jira?"

Na shiga kicin na kunna famfo don kada su ji, na yi kukan da na yi wata takwas ina haɗiyewa.

Yanzu kullum da la'asar tana ƙarƙashin rumfa, tana yi wa maƙwabta gyaran tarbiyyar 'ya'yansu ta saman katanga. Har yanzu a gajiye nake, amma gajiyar aiki ce, wadda in na kwanta take sauka.

Na gode, Baba Sai-Na-Gani, mai ganin abin da masu gida suka daina gani. Allah Ya hutar da hannuwan nan, Ya saka maka da alheri. Ku kuma masu sana'a, da mu masu zaɓen kaya a waya, mu ɗauki ko da abu ɗaya daga wurinsa: kafin a yi zancen launi da fasali, a tambayi wanda zai zauna, a je a gan shi.

Akwai sauran magana ɗaya, Baba. Ranar nan da ka fita, Mama ta ce mini, "Kin ga yadda ya tashi daga bencin nan? Shi wa ya taɓa auna tasa gwiwar?" Don haka ranar da ka rufe shago, ni da mai walda muna tafe gidanka da tef. Kada ka tambaye mu irin kujerar da za a yi maka. Sai mun ga wurin.