Ƙahon Keken Da Bai Je Kebbe Ba

Shekarar da na ajiye alli, likita ya auna jinina ya ce in zaɓi ɗaya: ko in riƙa motsa jiki kullum, ko in nemi takarda in fara rubuta wasiyya. Da yake na gaji da rubutu, sai na sayi keken gwanjo mai giya. Kowace safiya nakan bi hanyar Jabo in dawo, ranar da ƙarfi ya zo in kama ta Dogon Daji. Jini ya sauka. Amma wuyan hannuna ya fara ƙorafi, domin duk ramin da taya ta faɗa, ƙahon ƙarfen nan sai ya isar mini da saƙon har kafaɗa, ba ya rage ko wasali.

Ɗiyata ta fari, wadda ke aikin jinya a Kaduna, ta ji wannan ƙorafi a waya sau biyu. Ba a yi wata ba direban bas ya sauke mini dogon kwali a tashar Tambuwal. A ciki akwai sabon ƙahon keke, baƙi wuluk, na zaren kabon, wanda in ka ɗaga sai ka rantse kwalin ya fi shi nauyi. An haɗo shi da takardar bayani, da ɗan ƙullin man shafawa mai yashi-yashi, da wata 'yar sifana mai awo da ke cewa ƙas idan ɗauri ya kai inda ake so.

Mai gyara mini keke taubashina ne, ɗan kawuna, yana da rumfa a gindin dogon yaro kusa da kasuwa. Ni ina ce masa Injiniya, shi yana ce mini Hedimasta, ko da yake shi bai taɓa shiga aji ba, ni kuma ban taɓa wuce mataimaki ba. Aƙidarsa a sana'a ɗaya ce, kowa ya san ta: noti bai ɗauru ba sai ya yi kuka. Na sha ganin ya zura wa sifana bututu, ya taka da ƙafa. Don haka na je masa a shirye, kamar mai zuwa ajin da aka ce akwai taurin kai.

Ya karɓi ƙahon ya jinjina. "Hedimasta, wanga na hawa na, ko na kore kaji?"

Na ce ya zauna ya ji karatu. Na fassara masa takardar layi-layi: ba a shafa giris, sai man da aka aiko, a duba bakin maƙalin da zai riƙe ƙahon kada a sami kaifi, notuna huɗu ne, a ɗaure su kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa waccan, sifana na cewa ƙas a cire hannu. Na jira gardama. Ba ta zo ba. Ya ɗalli ƙahon da farce, ya kara a kunne.

"Ashe kara na," ya ce. "Ka taɓa ganin wanda ad ɗaure darni da ƙarfin jaki? Kara shina ɗaukar nauyi in kab bi shi a hankali. Ka matse cikinai, ya gama. Da ka hwaɗi haka tun farko da ba mu ɓata takarda ba."

Ya zura yatsa cikin maƙalin, ya ci karo da wani ɗan kaifi da ni ban gani ba, ya goge shi da sanfefa har ya yi santsi. Ya shafa man, ya daidaita ƙahon, ya bi notunan nan huɗu yana zagayawa kamar mai raba nama tsakanin marayu. Sifana ta ce ƙas, ya ɗauke hannu kamar an taɓa shi da wuta. Sannan ya tsoma tsinke a farin fenti ya ja ɗan layi a kan kowane noti. Na tambaye shi na mene ne. Ya ce ado. Sifanar kuma ya ce a bar ta wurinsa, don gidan malamin makaranta ba wurin ajiyar ƙarfe ba ne.

Kwana goma na yi ina hawa, wuyan hannuna ya daina magana. Sai ga gayyata daga Kebbe. A can na fara koyarwa, a gidan wani malamin allo na sauka shekara shida yana ciyar da ni, yanzu jikansa ya sauke Alƙur'ani za a yi walima. Na ƙudura da keke zan je, su ga tsohon bai ƙare ba.

Ana gobe tafiya, bayan la'asar, na zauna a zaure ina kallon keken. Na tuna hanyar Kebbe da damina, da ramukanta. Na tuna shekarun da na yi ina jin notuna suna kuka a rumfar Injiniya, kuma babu keken da ya taɓa watsewa da ni. Wannan ƙas ɗin sai na ga ya cika ladabi. Abin da zai riƙe ran dattijo, a ce da ɗan ƙas ya gama? Na ɗauko makullin noti na gida, na ƙara wa kowanne rabin juyi, don kandagarki. A na huɗun na ji wani ɗan sauti, kamar an taka ɓawon gyaɗa a ɗakin maƙwabta. Na yanke hukuncin cewa ban ji ba. Na shekara talatin ina koya wa yara su karanta umarni kafin su amsa tambaya.

Da safe na biya rumfa a ƙara mini iska. Injiniya ya durƙusa da famfo, ya ɗago, idonsa ya sauka a kan notunan. Layukan fentin nan duk sun juya baya.

"Wa at taɓa min aiki?"

"Ɗan ƙari na yi masa kaɗan."

"Kaɗan." Ya miƙe. "Ni da ban yi boko ba nika bin takarda, kai da kak karanta ta kaka bin jaki."

Ya kwance ƙahon. A ido babu komai sai wani ɗan gurbi kamar an danna farce a sabulu. Na ce to ka gani, lafiyarsa lau, mayar mini, ana jirana kafin azahar. Ya ɗauki cokalin shayinsa ya ƙwanƙwasa ƙarshen dama: ƙal. Ƙarshen hagu: ƙal. Ya zo tsakiya, inda maƙali ya kama, sai sauti ya mutu, kamar ka bugi ɗanyar kabewa.

"Ka tuna yadda Inna ka sayen tulu ran kasuwa?" Innar tasa ce ta yaye ni, na kuwa tuna. Ba ta kallon tulu, ƙwanƙwasa shi take yi, mai tukwane na rantsuwa, ita kuwa tana sauraron tulun. "Wanga tulu ya tsage. Ba ka hawa nai."

Na yi masa bayani mai tsawo a kan ƙarfin kabon, har na ce da shi ake ƙera jirgin sama. Ya ce to in nemi jirgi. Na ce kyautar ɗiyata ce, me zan ce mata? Ya ce in gaya mata da bakina ya fi a gaya mata da bakin wani. Ya jefa ƙahon bayan benci ya zauna a kai.

"Biyu na, Hedimasta. Ko tsohon ƙarfenka, ko kabu-kabu."

Na zaɓi tsohon ƙarfe, ina fushi. Har na wuce gonakin bayan gari ina shirya maganganun da ya kamata in mayar masa.

Gab da Kebbe akwai wata gangara da ruwa ya cinye gefenta. Ina cikin sauka, iska na kaɗa mini riga, sai ga garken shanu ya fito daga cikin dawa zai tsallaka. Na damƙe birki biyun gaba ɗaya, taya ta faɗa rami, duk nauyina ya tafi kan ƙahon. Ƙarfen ya kai mini saƙon har haƙori, amma ya riƙe. Makiyayin ya ce sannu Malam, na ce yauwa. Na sauka na tura keken har ƙasan gangarar, ba don taya ta sace ba.

An yi walima lafiya, na ci fankasau, na kwana. Washegari da na dawo ban nufi gida ba. Injiniya na ganina ya jawo ƙahon daga bayan benci, ya ɗora tsakiyarsa a gwiwa, ya danna da hannu biyu, ba da wani ƙarfi ba. Ƙahon ya buɗe kamar rake, zaruruwa baƙaƙe masu tsini suka miƙe. Muka tsaya muna kallonsu. Na ba shi labarin gangara da shanu. Na so in yi masa godiya irin ta littafi, mai gabatarwa da kammalawa, abin da ya fito kawai shi ne Allah ya saka.

"Amin. Ai ba don kai ba na," ya ce. "In kam mutu, wa zan riƙa zagi?"

A gabansa na kira ɗiyata na faɗa mata gaskiya, ban rage rabin juyi ko ɗaya ba. Sai ta ce, "Baba, ba Kawu Injiniya wayar." Suka yi magana, yana ta cewa ƙwarai, ƙwarai, yana kallona.

Ƙaho na biyu da ya iso tashar Tambuwal, sunan Injiniya ne a jikin kwalin. Shi nake hawa har yau, layukan fenti huɗu suna nan inda ya ja su. Makullin notina kuma ya karɓe shi, yana rataye a ƙusa a rumfarsa, sama da inda hannuna ke kaiwa.