Itacen da Iya Take Shafawa

Lokacin cirar auduga ne, a farkon shekarun samun mulkin kai. Shekarar ta zo da laushi. Ruwa ya sauka a kan kari, ya ɗauke a kan kari, gonaki daga ƙauyenmu har bakin hanyar Bakori suka yi fari fat kamar an shanya wanki. In iska ta juyo da yamma, mukan jiyo kukan jirgin ƙasa daga Funtua, can nesa, kamar a mafarki. Ina 'yar shekara takwas ko tara, ba wanda ya rubuta.

Baba masassaƙi ne, turmi da akushi ya gada. Da mutane suka fara rufin kwano, sai ya kafa rumfa a tsakar gida ya koma yin ƙofofi da tagogi. Aikin bai karɓe shi ba. Ya ce in ya sayar da auduga zai ƙaro kayan aiki guda ɗaya, don kuɗin ba zai kai na biyu ba. In bana ma aikin ya ƙi, zai rushe rumfar ya tafi Jos haƙar kuza. Ransa kuwa ya riga ya kwanta a kan wani dogon zarto da ya gani a kanti a Funtua. Ko tuwo yake ci, sai ya ajiye loma ya ware hannu ya nuna mana tsawonsa.

Kakarmu, wadda muke kira Iya, idonta ya yi rauni. Da an gama cin tuwo takan hura wuta a ƙofar ɗakinta, mu kewaye ta. Itacen wutar duk katakan da suka lalace wa Baba ne, kuma ba ta taɓa sa ko ɗaya a wuta ba sai ta shafa shi daga kai har gindi. Na ɗauka tsoron kunama take yi.

Baba ɗanta ne na fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ta matsu sai ta ce, "Ku gaya wa mai rumfar can."

Ana jibi zai tafi Funtua, yana zaune a rumfarsa yana wasa gizago, Iya ta gyara murya fiye da yadda ta saba.

"Ga wata nan tafe, ku matsa mata ta zauna."

Muka ce, "Mun matsa, Iya."

Wai an yi wani masassaƙi da ya ɗauki hanyar kasuwa da asuba, zai sayo wani ƙaton gatari mai ƙyalli. Yana tafe cikin raɓa sai ya ji ƙwas, ƙwas a bayansa. Ya waiga, ya ga duk akusan da suka ɓaci a hannunsa ya jefar bayan gida, sun jeru suna binsa, suna mirginowa a hankali, farin wata na leƙowa ta gindin kowanne. Ya kore su, suka tsaya. Ya juya, suka biyo. Da ya isa wurin maƙeri ya ce a ba shi gatari. Maƙeri ya ce, "Su wa ke bayanka?" Ya ce bai san su ba. Maƙeri ya ce, "To, su sun san ka." Ya durƙusa ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Duk ciwonsu wuri ɗaya ne: gindi ya huje, domin da babban gizago yake rarake su. Maƙeri ya ƙera masa ɗan mitsitsin gizago mai lanƙwasa, wanda ko aljihu zai shiga. Da suka juyo gida, akusan suka riƙa zamewa cikin ciyawa ɗaya ɗaya, har ya iso ƙofarsa shi kaɗai.

Na ce, "Iya, ina suka tafi?"

"Barci, uwar tambaya. An ji kukansu, me kuma za su bi shi su yi?"

Ta jawo wani katako ta shafa, ta miƙo mini. "Ke mai ido, duba mini. Wannan ma a bakin ƙusa ya tsage?"

Na ce a nan ne.

"Ikon Allah. Tun damina nake ƙona su, ban ji wanda yanka ya ɓata ba." Ta tura shi cikin wuta. "Ta ƙare, ta bi hayaƙi."

Can a rumfa, ƙarar wasa gizago ta ɗauke.

Ranar da Baba ya dawo daga Funtua mun tare shi tun daga bakin rafi, muna neman dogon zarto a bayan keke. Ba komai sai ɗan ƙunshi a cikin tsumma. Mahuji ne, irin wanda ake dafa wa ƙirji ana juyawa da hannu, ya huda katako kafin a buga ƙusa. Har kuka na yi don takaici. Amma Baba bai je Jos ba. Kafin damina wutar Iya ta koma ta karan dawa, tana ta mita: "Ku gaya wa mai rumfar can ya cuce ni, ya bar tsohuwa da hayaƙi."

Na daɗe ina ɗaukar wannan tatsuniya ta akusa ce kawai. Sai da na girma, na shiga ajin yaƙi da jahilci da goyo a bayana, na ga yadda ake bin baƙi da yatsa, sannan na gane karatu Iya take yi a bakin wutar nan. Kuma ba mu take ba labari ba.

Yanzu ga ni a Funtua, a gidan ɗana na fari, Babangida, mai sunan Baba. Shi ma kafinta ne, rumfarsa a gida, har da lantarki. Ya sayar da san da yake kiwo, zai sayi inji guda: ko na yanka, ko na goge fuskar katako. Na ji yana gaya wa matarsa na yankan yake so, don ƙararsa kaɗai za ta kira masu saye. In abin bai yi ba, zai tafi Kaduna neman aikin gadi. Duk na ji. Bakina ba zai iya da shi ba, kuma ba ni da muryar Iya.

Da gari ya waye, bayan na yi salla, na zaga bayan rumfarsa inda yake zubar da abin da ya lalace da wanda aka dawo masa da shi. Na zauna na shafa su ɗaya bayan ɗaya. Masu karkataccen yanka na tara a dama, masu kaushin fuska a hagu. Na dama bai kai gwiwata ba. Na hagu ya kusa ƙuguna.

Ina wanke hannu ya fito. Ya tsaya a kansu ya daɗe, sannan ya ce wa matarsa, "Wa ya taɓa mini shara?"

Na kira jikata Hadiza, na ce, "Je ki gaya wa mai rumfar can, tarin hagun nan zai ishe ni girki har damina. In ya so, ya ci gaba da tara mini."