Mai Kyandir a Layin 'Yan Turare

A layin 'yan turare na Kasuwar Kurmi, Ruƙayya tana jiran a sallame ta, amma idonta yana kan matar da ke gabanta. Matar ta ba hamsin baya, siririya ce, ga ɗigon kakin zuma ya bushe a gefen hijabinta. Tana shinshina kwalba ido a lumshe, sannan ta ciro waya tana dannawa da yatsa mai tabon ƙuna.

"Malam, ta ce giram sittin na wardi ya ishe ni."

"Wa ta ce, Hajiya?" in ji mai shagon.

"Manhajata mana. Kyandir nake yi a gida don jin daɗina, to kullum sai turare ya yi yawa, kyandir ɗin ya ƙi ci. Shi ne na zauna na koyi haɗa 'yar wannan, take min lissafin kaki da lagwani."

Ruƙayya ta ƙura wa wayar ido. Shekara huɗu ta yi tana karatun kwamfuta, yau aikinta buga wa mutane takardu a wani shago a Gwammaja, ba ta taɓa ƙirƙirar wani abu nata na kanta ba. Wataƙila matar tsohuwar malamar firamare ce. Ko ma wace ce, tana da abin da take ɗokin komawa gida ta yi.

Matar ta juyo da murmushi. "'Yata, kin san kan irin waɗannan abubuwan?"

"A'a, Hajiya," in ji Ruƙayya, ta kau da kai.