Ledar Orval a Bangon Odile

Shekara arba'in da ɗaya Orval Lindqvist ya yi yana kafinta a arewacin Minnesota, kuma a iya saninsa bai taɓa yin kuskure ba. Idan ƙofa ta ƙi rufuwa, katako ne bai bushe ba. Idan ya ɓata hanya, masu kafa alamun titi ne ba su san aikinsu ba. Matarsa Marlys, wadda ta yi ritaya daga dafa wa 'yan makaranta abinci, ta daɗe da daina yi masa musu. Sai dai ta ja "to" ɗin nan nata mai tsawo, ta ci gaba da saƙarta.

Da ya ajiye aiki sai suka sayi motar nan mai ɗaki a ciki, irin ta tsofaffi masu gudun sanyi. Da ƙanƙara ta fara sauka sai su kulle gida su yi kudu. Shekarar farko bakin teku suka je hutu, Orval ya kusa zautuwa don zaman banza, har kujerun mutane ya riƙa buga wa ƙusa ba a sa shi ba. Shi ya sa Marlys ta rubuta sunansu a ƙungiyar ma'auratan coci masu gyara gidajen da guguwa ta lalata, kyauta, duk lokacin sanyi.

Tsawon motar bai wuce taku tara ba daga goshi zuwa ƙeya. Aurensu ya kai shekara arba'in da shida ne saboda shi yana shago ita tana kicin, yanzu kuwa idan ya yi atishawa ita ke goge tabarau. Babu wurin yin fushi. Idan ransa ya ɓaci sai ya koma kujerar direba ya riƙe sitiyari, motar tana tsaye cak.

A shekararsu ta uku aka tura su wani ƙaramin gari a kudancin Louisiana, motoci shida jere a bayan coci. Gidan da aka ba su na Odile Guidry ne, wata dattijuwa mai ciwon asma da mijinta ya rasu. Ruwa ya shiga gidan har ƙirji, wata goma sha huɗu ke nan tana kwana a doguwar kujerar ƙanwarta. Orval aka naɗa shugaban aiki, don a cikin sauran mazan ɗaya likitan haƙori ne, ɗaya mai raba wasiƙu, ɗaya kuma guduma ma ta tsakiya yake riƙe ta.

Ƙungiyar tana da al'ada: kafin a rufe bango, kowa ya ɗauki alƙalami ya rubuta addu'a a jikin katakan ciki, inda ba mai sake gani. Orval awo kawai ya rubuta, ya ce addu'arsa ke nan. Marlys kuwa ta shige kusurwar ɗakin kwana ta daɗe tana rubutu, ta kare da jikinta. Ya leƙo, ta ce, "Kai, tafi can. Ba da kai nake magana ba."

Daga nan Orval ya sa aka shimfiɗa leda a kan katakan ta ciki, daga ƙasa har rufi, aka liƙe ko'ina, sannan aka buga allunan bango. Haka ake yi a garinsu don kada tururin ɗaki ya shiga bango ya daskare, haka ubansa ya koya masa. Aka yi fenti ruwan ɗorawa kamar yadda Odile ta zaɓa. Ranar Lahadi za a ba ta mabuɗi, Litinin motoci su kama hanyar arewa.

Ranar Juma'a da hantsi wani maƙwabci, tsoho Clovis, ya shigo yawon sa ido, ya yi tuntuɓe da ragowar ledar.

"Bawan Allah, wannan fa? Kada dai ka ce mini irin ta 'yan arewa kuka yi mata?"

Orval ya ji wani abu a muryar, sai bakinsa ya riga shi. "Ƙasa muka rufe da ita saboda fenti."

"Madalla! Ai na tsorata. Zo ka ga abin da surukina ɗan Dakota, can arewa, ya yi mini."

Ya ja shi gidansa, ya nuna masa wani bango da aka farke. Bayan ledar baƙi ƙirin da fumfuna, katakon ya ruɓe har yatsa na nutsewa. Clovis ya ce, "Mu nan zafi da laima daga waje suke shigowa. Watan Yuli ka kunna na'urar sanyi, ledar ta kama gumi kamar kwalbar lemo. Ni mai ƙirjin doki sai da na kwanta asibiti, balle Odile."

Orval ya wuni Asabar a kujerar direba. Lissafin a fili yake: ba abin da zai bayyana kafin Yuli, lokacin yana can Minnesota yana kamun kifi, kuma abokan aikinsa ba su san an yi ɓarna ba. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ya kuma ji tsoro. Marlys, wadda take wanke burushi a bayan taga lokacin da ya yi ƙaryar, ta ajiye masa kofi.

"Direba, ina muka nufa yau?"

"Tunani nake yi."

"To, a yi a hankali, ba a saba ba."

Ranar Lahadi bayan an tashi coci, rabin gari ya taru a ƙofar gidan. Odile ta zo da akwatunanta biyu da katuwar tukunyar miyar kuɓewa da jatan lande, ta sha kwalliya. Aka miƙa wa Orval mabuɗi da jan ƙyalle ya ba ta. Ya tsaya riƙe da shi kamar an ba shi jaririn wani.

"Aikina bai yi kyau ba," in ji shi, sannan ya gyara murya. "Ina nufin, akwai leda a bangon nan. Ni na sa. Clovis, ƙarya na yi maka. Sai an farke duka. Na yi kuskure."

Can sai Marlys ta taɓa na'urar ƙara ji da ke kunnenta. "Orval, sake faɗin na ƙarshen nan. Batirina ya yi sanyi."

Mutane suka fashe da dariya, amma ban da Odile. Ta dubi akwatunanta, idonta ya cika. "Wata guda kuma a kujerar ƙanwata? Ka san tana da kyanwa huɗu?" Ta share ido da bayan hannu. "Tun da guguwar nan ta wuce, kowa ya zo sai ya ce mini komai ya yi daidai. Ɗan'uwa, miƙo mini gudumar nan, ni zan fara." Ta kai wa fentinta ruwan ɗorawa duka ɗaya mai kyau, sannan ta ce a zo a ci abinci.

Motoci huɗu cikin shida suka fasa tafiya. Zafi ya shigo, sauro ya gano jinin 'yan arewa, miyar Odile kuma kullum sai ta sa Orval hawaye yana cewa ba yaji.

Ɗakin kwana shi ne na ƙarshe. Orval ya ɓanɓare allon kusurwa, ya yage ledar, sai ga rubutun Marlys, irin wanda take yi a kan kwalaben yaji. Ya sa tabarau. "Ya Ubangiji, ka tsare mai wannan gida. Tsohon nan nawa mai taurin kai kuma, ka bar mini shi ko da shekara goma ce. Ban san yadda ake kwana ba tare da minsharinsa ba."

Ya daɗe a durƙushe. Ya ciro fensir daga bayan kunne, ya rubuta "Amin" a ƙasa. Ya miƙe zai ɗauko allo, sai ya dawo ya ƙara, "Ki yi haƙuri." Daga falo Marlys ta ɗaga murya tana tambaya ko ya mutu ne a ciki. Ya ce yana zuwa, awo yake dubawa.