Kwanson da Malsun Ta Bari a Ƙasan Teku

Malsun dai, matar gidan Bu, shekara hamsin da biyu tana nutso neman katantanwa a tekun garinmu, nan tsibirin Jeju. Tana cikin manya, masu zuwa dutse mai nisa da numfashi ɗaya tak. Ba ma ɗaukar tulun iska, mu. Abin da numfashinki ya kai ki, shi ne rabonki.

To, hunturun da ta cika saba'in da ɗaya ƙirjinta ya fara gardama. Ga tekun ma ya lalace. Ciyawar ruwa da a da take rufe mutum ta mutu, dutse ya yi fari fat, sai ƙananan kifaye masu launi da ba mu san iyayensu ba. Sati uku ragarta na dawowa kusan wayam.

Wata rana muna jin wuta a bakin gaɓa, haƙora na kaɗawa, sai Jongrye shugabarmu ta ce, "Yaya Malsun, ko ki koma tekun tsofaffi? Ruwan iya ƙugu ne, kya huta."

"Ke Jongrye, ni na koya miki fyace hanci a ruwa. Yau ni kike kora?"

"Ba kora ba ce. Ki kawo mana abu ɗaya daga dutse mai nisa kafin sabuwar shekara, na rufe bakina."

Washegari, a can dutse mai nisa, ta gan shi. Ruwan hunturu ai garau yake, kina hango ƙasa tun daga sama. Jonbok ne, katantanwar nan mai manne wa dutse, faɗinsa ya fi tafin hannun namiji. Ta kai ɗan ƙarfen da muke aiki da shi za ta ɓamɓare, numfashi ya ƙare. Sai ta ciro ɗan kwanson da kowaccenmu ke ɗaure da shi a ƙugu, ta ajiye a gefensa, cikinsa mai ƙyalli yana kallon sama. In kika ga wannan kwanso, kin san da mai abu. Ko yunwa za ta kashe ki, ba kya taɓawa.

Kafin ta huta ta sake sauka, iskar arewa ta taso. Kwana shida ba mai shiga ruwa.

Ɗanta Taebong yana kai baƙi kallon murjani da tulun iska a baya. Yaron kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Kullum tana ba shi labarin jonbok ɗin nan, tana tari, tana kwatanta masa dutsen da tsagin da yake ciki. Ita fa alfahari take yi. Shi kuwa tarin yake saurara.

Ranar da iska ta kwanta, mun taru da safe muna sa rigunan roba, ana ɗaura dalma a ƙugu, sai ga Taebong jiƙe sharkaf da bokiti. A gaban kowa ya dire shi.

"Inna, ga abinki. Kwansonki ne ya nuna mini, yana ta walƙiya. Ba sai kin sauka ba."

Matan suka matso, suka leƙa bokitin.

Wata ta ce, "Oho! Ashe haka manya ke nutso yanzu. Ni ma bari in haifi namiji."

Jongrye ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Taebong, ka san masu tulu ba sa ɗaukar ko tsinke a tekun nan. Shekara nawa muna korar ɓarayi a kan wannan?"

"Goggo, ai na uwata ne. Ita ta sa alama."

"Alamar ta numfashinta ce, ba ta tulunka ba."

Malsun ta duba cikin bokitin. Ya ɓamɓare shi da wuƙa, irin ta wanda bai iya ba, ya yanki naman. Jonbok kuwa in ya ji rauni ba ya warkewa, ko an mayar da shi mutuwa zai yi. Ba abin da za ta koma ta ɗauko.

Ta ce, "Wa ya aike ka?"

"Inna, tarinki nake ji. So kike in tsamo gawarki?"

"Da ka tsamo gawata, da matan nan sun ɗauke ni a kafaɗa. Yanzu dube su."

Ba wadda ta ce Malsun ce ta sa shi. Ba kuma wadda ta ce ba ta sa shi ba. Ni ma ina wurin, ban buɗe baki ba.

Ta ɗauki goranta na iyo da ragarta, ta bi ta bayanmu, ta nufi tekun tsofaffi da ƙafarta. Jongrye na kira, "Yaya! Yaya, tsaya mu yi magana!" Ko waiwaye.

Shekara tara ta yi a can tana tsintar ƙananan katantanwa cikin ruwa iya ƙugu, har ta rasu. Taebong yakan kawo mata gawayi da lemo, ta karɓa, ta yi godiya kamar ga baƙo. Kwanson ya dawo mata da shi tun ranar. Ba ta sake ɗaura shi ba.