Dunoma Mai Keke da Bindigar Iska

Dattawan Roni har yanzu suna tune da Dunoma mai gyaran keke. Babarbare ne, mahaifinsa ya zo daga gabas da fataucin kanwa, ya yi aure a garin ya zauna. Dunoma gajere ne kakkaura, ba shi da yawan magana. Rumfarsa tana bakin kasuwa gindin wata tsamiya, kuma a zamanin duk mai keke tsakanin Roni da Gwiwa ya san hanyarta.

Shekara guda bayan samun 'yancin kai, wani Bature mai kula da ginin rijiyoyi ya tsayar da motarsa gaban rumfar, ya sauko da 'yar jakar tamfol. Ya zazzage ta kan tabarma, sai ga ƙarfe guda, katako guda, da wata kusa mai kauri. Ya haɗa su ya murɗa kusar, suka zama bindiga. Ta bakin tafinta ya ce ba ta cin albarushi, iska ce ke tura harsashinta, amma ƙarfinta ya mutu. Ko Dunoma zai iya dubawa?

Kwana biyu Dunoma ya yi yana kwance ta a hankali. A ciki ya tarar da wata 'yar fata ta bushe ta tsattsage, irin wadda ke cikin famfon keke sak. Ya yanko sabuwa, ya jiƙa ta da mai, ya mayar. Da Baturen ya dawo ya gwada ta a gwangwanin madara, gwangwanin ya yi sama. Bayan 'yan watanni zai bar ƙasar gaba ɗaya, sai ya aiko wa Dunoma da ita, da gwangwani uku na harsashi, da takardar shaidar ya bar masa ita kyauta, wadda aka karanta gaban dagaci.

Da la'asar idan ya rufe rumfa, sai ya ɗaura jakar bayan keke ya nufi duwatsun bayan gari. Can yake haɗa ta. Ya karya bakinta a gwiwa, ya sa harsashin dalma wanda bai fi ƙwayar dawa ba, ya miƙe ta, ya riƙe numfashi kafin ya taɓa kunamar bindigar. Ƙararta ba ta wuce tafi ɗaya ba. Maharban garin masu bindigar toka suka yi ta yi masa dariya, suna cewa abin wasa ne. Shi dai ya ci gaba da gwajinsa. Cikin shekara ya kai ga ba ya kuskuren kan kurciya daga taku ashirin, kuma wuƙarsa kullum tana ƙugu, don ya riski tsuntsu da rai ya yanka.

A duwatsun nan ya saba da Daudu, wani Bafillace da ke da ruga a kusa, wanda ya girmi Dunoma da shekara huɗu ko biyar. Da yake Fulani da Barebari abokan wasa ne, ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba.

"Bawana, yau me ka harbo wa ubangidanka?" in ji Daudu.

"Wanda ke bin bayan saniya shi ne zai kira wani bawa?" in ji Dunoma.

Sai ya ba shi hasbiya biyu, washegari Inno matar Daudu ta aiko wa Saude matar Dunoma da ƙwaryar nono. Haka suka yi shekara goma sha biyu.

A shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira, ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba. Shanun Daudu suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya har saura huɗu. Mutane suka gangaro daga arewa, daga cikin Nijar, da jakuna da tsummokara, suka sauka a fili bayan gidan Dunoma. Saude ta leƙa ta ga mata masu jego ba su da abin sa wa a baki. Ta dawo ta tsaya kansa.

"Malam, abin da kake kawowa ba zai ishe mu da su ba. Ka riƙa fita da safe ma."

Ya rufe rumfa, don dama ba mai kawo gyara. Akwai wani kwarmin dutse da ruwansa bai ƙafe ba, duk tsuntsun yankin can yake sauka shan ruwa. Dunoma ya riƙa kawo goma, wata rana goma sha biyar. Saude ta zuba su a babbar tukunya da kuka da ɗan gishiri, a raba romo ludayi-ludayi. Harsashin Bature ya daɗe da ƙarewa, wanda yake saya daga Kano ma ya yanke. Sai ya samo mataccen batirin mota, ya narka dalmarsa, ya riƙa zuba nasa. Ya lura wannan dalmar ta fi waccan tauri, amma bai ɗauki abin da muhimmanci ba.

Wata safiyar Laraba yana kwance bayan dutse, zabuwa ta sauko bakin ruwan. Ya saita, ya harba. Harsashin ya kuskure ta, ya daki dutse, ya yi fito ya kauce gefe. Sai ya ji salati daga bayan wata sabara. Daudu ne ya zo da gora don ya ɗebar wa ɗan maraƙinsa ruwa. Yana durƙushe, ya dafe idon hagu, jini na bin tsakanin yatsunsa.

Dunoma ya yar da bindigar, ya yage rawaninsa ya ɗaure masa fuska, ya ɗora shi a keke ya tura har bakin hanya. Motar kasuwa ta kai su Kazaure, daga can aka tura su asibitin ido a Kano. Kwana tara Dunoma yana zaune a ƙasa gefen gadon, shi ke ba shi abinci, shi ke kai shi alwala. Likita ya ce idon ya tafi.

Ranar da suka dawo Dunoma bai shiga gidansa ba, ya biya ta dutse ya ɗauko bindigar inda ya yar da ita, ya sa ta a jakarta, ya wuce wurin dagaci da jakar a hannu. Ya ajiye ta ya ce a kai shi gaban alƙali, duk abin da shari'a ta yanke ya ɗauka. Aka aika aka kira Daudu, ya zo Inno na riƙe da sandarsa. Dagaci ya yi masa bayanin haƙƙinsa. Daudu ya juya wajen dagaci ya ce:

"Ranka ya daɗe, ni na san ba ni ya nufa ba. Na yafe, duniya da lahira. Amma ina da sharaɗi."

"Faɗi," in ji dagaci.

"Ya ɗauki abarsa ya koma dutse. Kwana tara ke nan mutanen bayan gidansa ba su ga romo ba. Inno ta ce an binne biyu."

Dunoma ya ce, "Malam Daudu, wallahi hannuna ba zai iya ba."

"Zai iya. Kai bawana ne, ni na sa ka. Ido guda ya ishe ni in ga ko ka tafi."

Ba wanda ya yi dariya a zauren. Dunoma ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba kan gemunsa, ya miƙa hannu ya jawo jakar.

Ranar farko ya dawo hannu wofi, don duk sanda ya ɗora kunci kan katakon sai ya ga sabarar nan. Rana ta biyu ya kawo uku. Daga nan ya riƙa zagaye wurin yana kiran ko akwai mutum kafin ya kwanta, kuma bai ƙara harbin abin da dutse ke bayansa ba. Ya ci gaba har damina ta zagayo, aka ci sabon gero, baƙin suka kama hanyar gida. Sai ya kwance bindigar, ya shafe ta da mai, ya ba Saude ta sa ƙarƙashin gado. Bai sake tambayarta ba.

Shekarun da suka biyo baya kuɗin man fetur suka shigo ƙasa. Babura suka cika hanya, masu keke suka ragu, samari suka tafi Kano aikin kamfani. 'Ya'yan Dunoma suka so ya koyi gyaran babur, ya ce ya tsufa. Rabin yininsa a rugar Daudu yake yi. Shi ke yi masa huɗa da noman farko kafin ya taɓa tasa gonar, ko Daudu ya yi faɗa ba ya ji. Idan za su kasuwa ko jana'iza, Dunoma na tafiya ta hagunsa, yana gaya masa wanda ke tahowa don ya riga shi gaisuwa.

Dunoma ya rasu da kaka, bayan jinyar mako biyu, bai cika sittin ba. Daudu ya roƙi 'ya'yan Dunoma su bar shi ya shiga cikin masu yi masa wanka, suka bar shi. Ya zauna zaman makoki kwana bakwai cur a ƙofar gidan, yana amsa gaisuwa tare da dangi. Da zai koma ruga ya bar wa Saude karsana guda, ya ce ta riƙa tatsa idan ta haihu.