Ƙasar Kabarin Babana

Mutanen garinmu sun kwashe kabarin babana tafi bayan tafi, kuma ban yafe musu ba. Sai da na yi jikoki na koyi rubutu, don haka yadda abin ya faru zan faɗe shi.

Malami ne a wani ƙauye bayan Kebbe. Yana da rai ba wanda ya ce masa waliyyi, geronsa yake nomawa, ya ba da karatu a zaure. Ranar da ya rasu, ba a ko fita da gawa ba aka yayyage rawaninsa. Wani ya tsinke carbinsa, dattawa da furfura suna rarrafe suna tsintar ƙwayoyin.

Limamin garin, ɗalibinsa na farko, shi ya fara maganar ƙasa. Shekarar da 'yan bindiga suka matsa mana, ya ɗebo ƙasar kabarin, aka ɗinke ta a fata, ya rataya wa mazan da ke tsaron gari. Wai harsashi ba ya shiga. Labari ya kai har Tambuwal, babura suka riƙa jeruwa bakin maƙabarta, kowa da ledarsa.

Sai aka dawo da mutum fuɗu a kan amalanke, layunsu jiƙe da jini. Har da ɗan Liman.

Na zaci za a bari. Ina! Cewa aka yi ƙasar sama ta salance, sai ta kusa da gawa. Wata rana da hantsi aka ce mini ga maza can da fartanyu. Mace ba ta zuwa maƙabarta a garinmu, amma na je. Na tarar da namu da na ƙauyen gaba suna sarar juna a kan wa ya fi gadon Malam. An fasa wa wani kai, kunnen wani yana reto. Rami ya yi zurfi har itatuwan da aka rufa wa babana sun bayyana. Na cafke fartanyar wani ƙato, ya juyo ya maka mini ƙotarta a baki. Haƙora biyu na tofar. Ina durƙushe na ga wani yana cusa ƙasar a aljihu, da jinina a ciki.

Da la'asar na je wurin Liman. Kwana bakwai bai ja salla ba.

Na ce, "Liman, tashi ka hana su. Kai kaf fara."

Ya ce, "Ɗiyar Malam, mi zan ce musu? Da hannuna nir rataya ma yaron nan. Yanzu in na ɗaga hannu ga addu'a, ban jin akwai mai saurare na."

"Astagfirullah! Allah kag gwada ko ƙasa? Ƙasa kag gwada, ta ba ka amsa."

Ya tuɓe rawani ya ajiye a tabarma. Can ya ce, "Gobe za su kai ga likkafani."

Na gane ba mai tashi ba ne.

Washegari da sassafe, bakina a kumbure, na ɗauki kwando na nufi kududdufin da jakai ke birgima. Sawu goma sha wani abu na yi da ƙasarsa ta tsakiyar gari, kowa na kallo, har na cike ramin. Na jibge ƙaya a kai, na zauna gefe da taɓarya. Mai babur na farko ya iso da ledarsa.

Na ce, "Ta kududdufi ce. In kana so, matso."